Wanda Ya Zana Allon Jirgin Sunansa Habibu

Bana shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana Habibu. Na san yadda aka saba rubuta irin wannan waiwaye: a ce lokaci ya sanyaya zuciya, an yafe wa kowa, an bar wa Allah. Mutuwarsa kam na bar wa Allah tun ranar da aka fita da shi daga gidanmu a Daura, don Shi ya ba mu aronsa, Shi ya karɓi abinsa. Amma akwai abin da ban bari ba, kuma duk mai jiran in bari zai daɗe yana jira. An cire sunan Habibu daga kan aikinsa yana raye yana kallo, aka ɗora na wani. Wanda ya yi masa haka ɗan kawunmu ne, sunansa Tasi'u. Yana nan da ransa, ya ajiye tumbi, bana kuma zai sauke farali.

Bari in fara da aikin, saboda waɗanda ba su taɓa hawa jirgin sama ba. Idan ka zauna a manyan jiragen nan masu tafiya mai nisa, a bayan kujerar wanda ke gabanka akwai ɗan allo mai haske, bai fi faɗin faranti ba. A nan ake zaɓar abin kallo da abin saurare, a ga inda jirgi ya kai a taswira, a duba alƙibla, a kira ma'aikaciya ta kawo ruwa. Kafin allon nan ya zama haka, sai da wani ya zauna ya yanke shawarar me zai fara bayyana, da wane launi, wane maɓalli zai zauna ina, da abin da zai faru idan an taɓa shi. A ɗaya daga cikin kamfanonin jiragen da ke ɗibar mutanenmu zuwa Saudiyya da ƙasashen gaba, wannan wanin yayana ne. Ba zan ambaci kamfanin ba, don su ba su yi mana komai ba. Wanda aka nuna musu shi suka sani.

Habibu ne ɗan farin Inna, ni ce ke bi masa. Wanda ya tashi a gida irin namu ya san abin da hakan ke nufi. Tun da na buɗe ido ban taɓa jin sunansa a bakin mahaifiyarmu ba. In da mu take magana, "yayanku" ne. In da shi take, sai ta ce "kai", idonta na kan wani abu daban. Ba ta yabonsa, ba ta shigar masa faɗa, ko yara sun dake shi a waje sai ta ce shi ya ja. Ga shi da ciwon sikila tun yana goye. Na sha ganinta tana dafa masa ruwan zafi tana share hawaye, amma da ta shigo ɗakin sai ta ɗaure fuska, ta miƙo mini tsumma ta ce in gasa masa. Kunyar ɗan fari ke nan, kuma ba mu taɓa ɗaukarta ƙiyayya ba. Shi kansa yakan tsokane ta, ya ce duk ranar da ta kira sunansa sai ya yanka rago.

Ciwon ne ya zaunar da shi, zaman kuma ya koya masa zane. Sa'anninsa na filin ƙwallo, shi yana kan tabarma da gawayi yana ɓata mana bango. Da ƙyar da jinya ya gama karatun kwamfuta a Kano, ya dawo gida ya kafa teburinsa a shagon ƙofar gida, ya ɗora sola a rufi. 'Yan unguwa sun ɗauka katin biki da kalanda yake bugawa, har akan kawo masa hoton amarya a ce ya ƙara mata haske. Yakan ƙara mata. Bai taɓa tsayawa yi wa kowa bayanin cewa aikinsa ya wuce nan ba.

Tasi'u kuwa baki Allah ya ba shi, zai iya sayar maka da hular da ke kanka. Zan yi masa adalci, don kada a ce ƙiyayya ta rufe mini ido: shi ya yi rajistar kamfani a Abuja, shi ya san ƙofofin ofisoshi, shi ya jiyo cewa kamfanin jirgin na neman wanda zai sake musu tsarin allonsu. Amma ko da'ira ba zai iya zanawa ta haɗe ba. Suka yi shiri irin na 'yan'uwa, babu shaida: ɗaya ya nemo, ɗaya ya yi. Kuma da yake shi ɗan namiji ne mu 'ya'yan mace, taubasai muke, abokan wasa. Tun muna yara "bawana" yake kiran Habibu, Habibu ya ce masa "ɓarawon ƙosai", a yi dariya a wuce. Tsakanin taubasai ba a fushi, duk wanda ya yi fushi shi za a yi wa dariya.

Yadda Habibu ya yi aikin nan shi ne abin da na fi so mutane su sani. Ya ce shi ba don 'yan boko masu zirga-zirga zai yi ba, su ko an ba su allo a kife za su gane. Zai yi ne don dattijon da ya sayar da shanunsa zai hau jirgi karo na farko, bai yi boko ba, ga tsoro ga kunyar tambaya. Sai ya je tasha wajen bakanike ya sayo tsofaffin kujerun bas guda biyu, ya jera ɗaya a gaban ɗaya, ya ɗaure ƙaramar kwamfutar hannu a bayan ta gaba da igiyar roba. Ranar kasuwa ya tare dattawan da suka saba sauka a zaurenmu daga Zango da Baure, abokan cinikin mahaifinmu tun yana raye. Ya zaunar da ɗaya gaba ɗaya baya, ya ce wa na bayan ya nemo masa karatun Alƙur'ani. Daga nan ya harɗe hannu ya yi gum. Ko mutum zai yini yana lalube ba zai nuna masa ba. In dattijo ya kasa ya fara ba da haƙuri, sai Habibu ya ce laifin allon ne, ba nasa ba. Ni aikina dama fura, kuma na dama ta har na gaji.

A haka wani dattijo daga Baure ya dubi allon ya janye hannu, ya ce shi ba zai taɓa abin da aka ɗora hoton 'yan wasa a saman Alƙur'ani ba. Ko a ɗaki ba a ɗora komai a kansa, ina dalilin ɗorawa a allo? Habibu bai yi musu ba. Daga ranar karatu ya koma can sama, babu abin da ke bisansa.

Amma ranar da ta juya aikin gaba ɗaya ranar mata ce. Aka shigo da kujerun tsakar gida, ƙarƙashin rumfa. Ko rashin dabara ne, ko Habibu ya yi da gangan don shi ma ba baya ba ne wajen tsokana, aka sa uwar mijina a gaba, Inna a baya. Surukai biyu da ko ido ba sa haɗawa. Inna ta taɓa allon, bai motsa ba. Ta saba da ƙaramar wayarta wadda sai an danna da ƙarfi, sai ta ƙara ƙarfi. Kujerar gaba ta girgiza, kan surukarta ya yi gaba ya dawo. Inna ta fizge hannu kamar ta taɓa garwashi, ta miƙe tana salati.

"Ni ba zan dunguri ƙeyar mutane a kan kallo ba," in ji ta. "Ku riƙe abinku."

Habibu ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Can dariyar ta lafa. Ya ce ashe duk tsawon lokacin nan allo yake zanawa, ya manta akwai kan mutum a bayansa. A wajenmu dunguri ba ƙaramin raini ba ne. Mai kunya gara ya ƙare tafiyar yana kallon allo a kashe da ya dunguri babba, marar kunya kuma zai yi ta dunguri har a yi faɗa a sararin samaniya. Aikin watanni ya rushe ya faro sabo. In ban da karatu, duk maɓallan ya sauko da su can ƙasan allon, inda kujera ba ta girgiza. Ya ƙara musu girma yadda yatsan manomi zai sauka a kan ɗaya ba tare da ya haɗa da na kusa ba. Ya sa da an shafe su, ko a hankali ne, launinsu ya sauya nan take, don mutum ya san an ji shi kada ya ƙara dannawa.

Sannan ya ce rubutu ba zai koya wa wanda bai iya karatu ba yadda ake taɓawa. Don haka da allon ya farka, kafin komai, wani hannu zai fito ya shafi maɓalli a hankali, ya koma, ya sake fitowa, har mai kujera ya kwaikwaya. Hannun Inna ya zana. Ya san ko sama da ƙasa za su haɗe ba za ta tsaya masa ba, sai ya riƙa zama nesa da fensir lokacin da take tsintar shinkafa a faifai. Hannun dama ne, da jan lalle a kan yatsu, ƙaramin yatsan a karkace inda taɓarya ta fasa mata shi tana budurwa. Ni kaɗai ya gaya wa, ya ce kada in faɗa mata, don sai ta sa ya goge.

Da lokacin kai aikin ya zo, damina ta yi nisa, sanyinta kuma bai taɓa barin Habibu ya huta ba. Yana gadon asibiti ana masa ƙarin jini ya miƙa wa Tasi'u kwamfutarsa, ya yi masa bitar abin da zai faɗa, dalilin kowane maɓalli, har da labarin dungurin. Ina wurin, ni ke masa fifita. Tasi'u ya tafi, ya dawo da albishir an karɓa. Muka yi murna. Inna ma ta yi tata, a ɓoye a madafi.

Bayan an ɗora allon a jirage sai labari ya fara fitowa. An karrama Tasi'u a wani taro, ga hotonsa a jarida ya sha babbar riga yana nuna allo da yatsa. Habibu ya ce ai haka ake yi, mai kamfani ake kira. Sai wata safiya aka yi hira da shi a rediyo, muna tsakar gida gaba ɗayanmu. Mai tambaya ya ce wa ya taimaka masa. Tasi'u ya ce Allah ne, sai kuma dogon tunanin da ya yi shi kaɗai. Ya kwashe labarin kujerun bas ya mai da nasa. Ya zo kan dunguri, ya ce da wata tsohuwa 'yar ƙauye ya gwada. Gwaggonsa ke nan, ƙanwar ubansa, wadda a ɗakinta aka yaye shi. Har aka rufe shirin sunan Habibu bai fito ba. Na dubi Inna, tana tankaɗe, ko ɗagowa ba ta yi ba. Habibu ya miƙa hannu ya rage muryar rediyon, ya tambaye ni ko akwai sauran kunu.

Ni ban iya irin wannan haƙurin ba, ban ma nemi in koya ba. Na jira sallah, ranar da dangi ke haɗuwa a gidan Kawu. Ana tsakiyar cin tuwo na tambayi Tasi'u a gaban kowa wa ya zana allon jirgin. Ko daina taunar naman da ke bakinsa bai yi ba.

"Bawana ne ya zana," ya ce. "To, bawa yana da abin kansa ne? Duk abin da ya yi ai nawa ne."

Gida ya kaure da dariya, Kawu har da buga ƙafa. Ku ga inda wayonsa yake: ya amsa laifin a gaban kowa, amma ya naɗe shi cikin wasan taubasai inda babu mai ikon kama shi. In na ci gaba, ni ce wadda ba ta san wasa ba. Mace ɗaya ce a wurin da maganarta za ta tsai da dariyar nan, ita kuma al'ada ta ɗaure mata baki. Uwa ba ta tsaya wa ɗan fari, balle a kan ɗan yayanta, a gidan yayanta. Inna ta ce Allah ya ƙara ɗaukaka, ta miƙa wa Tasi'u ruwan wanke hannu. Habibu ya ja gefen mayafina, na zauna. Ban taɓa cin tuwo mai ɗacin na ranar ba.

A hanyar gida ya ce in bar maganar, allon ba ya buƙatar sunansa kafin ya yi aiki. Mutane sun fi so in tsaya a nan, in ce yayana waliyyi ne bai damu ba. Ya damu. Kujerun bas ɗin ya bayar aka kai wa mai shayi. Ya daina buɗe kwamfutar in ba katin biki aka kawo ba. Wata rana ina shafa masa man zafi a gwiwa, ban tambaye shi komai ba, sai ya ce, "Da ma sau ɗaya ya ce 'mu'." Iyakar ƙarar da ya taɓa kaiwa ke nan. Damina ta zagayo, ciwon ya tashi, wannan karon bai sauka ba.

Ba na cewa Tasi'u ya kashe shi. Ina tsoron Allah, kuma sikila ta riga Tasi'u. Abin da nake cewa, mutumin da bai taɓa morar lafiya ba ya tattara ɗan ƙarfinsa ya yi abu ɗaya babba a rayuwarsa, aka karɓe, aka bar shi ya ƙarasa shekararsa ta ƙarshe yana ƙara wa amare haske. A zaman makoki Tasi'u ya fi kowa kuka. Ya zo da motar da ta toshe mana lungu, masu gaisuwa na nuna shi suna cewa ga wanda ya yi allon jirgi, Allah sarki, ashe mamacin yaronsa ne.

Bara waccan Allah ya nufe ni da Umra, kuma a jirgin kamfanin nan muka tafi. Na zauna na dubi bayan kujera, sai na ga an yi wa aikin kwaskwarima. Kamfanin Tasi'u ya sabunta shi, wai don ya dace da zamani. Maɓallan sun ƙanƙance sun hau sama. Can bisa karatu, inda dattijon Baure ya hana a ɗora komai, tallar turare ce ke wucewa. A gefena wata baiwar Allah daga wajen Mashi tana ta caka wa allon yatsa, mutumin gabanta na waiwayowa yana harara, ita kuma ba ta san me ta yi masa ba. Dunguri ya dawo. Wanda ya haddace dalilan a bakin gadon asibiti ya zubar da su, don dama ba a kansa suka tsiro ba.

Na sha tambayar kaina me Habibu zai ce da ya ga wannan. Na san ba zai yi zagi ba, wannan ɓangaren nawa ne. Zai karkata kai ya yi ta kallon matar nan, ya ga inda yatsanta ke sauka, ya nemi takarda ko ta goge baki ce ya fara zane. Yanzu har akwai na'urar da za ka gaya wa abin da kake so ta zana maka allo sukutum kafin ka shanye shayi. Ina jin da yana nan zai yi wasa da ita yini guda, ya yaba, sannan ya yi tambayarsa ta kullum: an zaunar da tsohuwa a gabansa? Yau kusan kowace tsohuwa a unguwarmu tana da babbar waya, kuma kowacce sai ta nemi jika ya buɗe mata. Da ya gani ba zai ce tsofaffi sun kasa ba, masu zanen zai ɗora wa laifi.

Abu ɗaya ne ba su taɓa ba. Da aka gama sanarwa allon ya farka, sai ga hannun. Jan lalle, ƙaramin yatsa a karkace, ya fito ya shafa a hankali ya koma. Ina jin sun bar shi ne don fasinjoji sun saba da shi, ba su san na wace ce ba. Har muka sauka ban kalli komai ba. Sai in bar allon ya yi barci, in tashe shi, hannun ya fito. Matar Mashi ta ga ina hawaye ta ɗauka tsoron jirgi ne, ta riƙa yi mini addu'a. Na nuna mata hannun na ce ta yi yadda yake yi. Ta shafa a hankali, allon ya buɗe.

Watan jiya Tasi'u ya zo sallama. Kowa ya san al'adar: mai tafiya hajji yakan zaga dangi ya nemi a yafe masa, don malamai sun faɗa mana hajji na wanke abin da ke tsakanin mutum da Ubangijinsa, amma haƙƙin wani sai mai shi ya yafe. Ya zo bayan la'asar tare da Kawu, aka shimfiɗa musu tabarma ƙarƙashin rumfar nan dai. Inna ta tsufa yanzu, ido ya yi rauni, takan yini a kan buzunta da carbi. Tasi'u ya cire takalmi, ya durƙusa da ƙyar saboda tumbi, ya jero maganar da kowa ke jerowa, wai Gwaggo ta yafe masa abin da ya yi, da wanda ya sani da wanda bai sani ba. Buhu ɗaya ya zuba komai a ciki ya ɗaure baki, yana jiran a ce an yafe ya miƙe.

Ni kuwa shekara da shekaru ina wasa maganata kamar wuƙa. Na buɗe baki ke nan Inna ta ɗaga mini hannu. Ta tambaye shi wane jirgi zai hau. Ya ce nasu mana, wanda suke wa aiki, har ya fara bayanin irin kujerar da aka ba shi. Ta bar shi ya gama. Sannan ta miƙa hannun damanta gabansa, ta juya shi, ta baza yatsun.

"In ka zauna za ka ga wannan," ta ce. "Ya zaci ban san yana zana ni ba. Nawa ne, na yafe maka shi. 'Yar ƙauyen ma na yafe."

Tasi'u ya dubi hannun, ya dube ni. Na ga lokacin da ya gane, don duk yawon da ya yi da hannun nan a taruka bai taɓa duban ƙaramin yatsan ba. Ya soma murmushin nan nasa, na san wasa zai jawo, "bawana" ta riga ta taho bakinsa. Inna ba ta ba shi wuri ba.

"Wanda ya zana shi sunansa Habibu. Habibu ɗana. Nasa haƙƙin ba ya hannuna, balle in ba ka."

Kawu, wanda ya san ƙanwarsa tun tana goye, ya sunkuyar da kai yana murza hula. Sama da shekara arba'in matar nan tana kewaye sunan nan kamar bakin rijiya. Ranar da aka raɗa shi ba ta faɗa ba, ranar da aka fita da mai shi ba ta faɗa ba, sai ranar da wanda ya sace shi ya zo neman a shafe maganar. Ta faɗe shi a fili, muryarta ko rawa ba ta yi ba. Daga nan ta ɗauki carbinta ta ci gaba da ja.

Da zai fita na bi shi zaure. Na ce ni ma magajiyar Habibu ce, kuma nawa kason yafiyar yana da sharaɗi: gidan rediyon da ya je, shirin da ya shiga, ya koma ya faɗi wanda ya yi aikin. Ba kujera a kamfani muke nema ba, suna kawai. Ya ce in sha Allahu in ya dawo. Na san "in na dawo" ɗin Tasi'u, da ita ya rayu. Shi ya sa na ga gara in rage masa aiki, in faɗa da kaina tun kafin ya tashi. Ban sa sunan mahaifinsa ba, don Kawu bai yi mini komai ba in ban da dariya. Mutanen Daura dai sun san Tasi'un da nake nufi.

Akwai masu cewa mace mai shekaruna, malamar makaranta, bai dace ta riƙe abu haka ba, in yafe in huta. Na gode da nasiha. Na yafe abubuwa da yawa a rayuwata. Amma har yau rigar yayana tana jikin mutumin nan yana yawo da ita, ya tuɓe tukuna mu yi maganar yafiya.

Idan na auna abin da ya rage na Habibu, ba shi da yawa. Bai yi aure ba, bai bar ɗa ba. Kujerun bas sun ruɓe a teburin mai shayi. Tsarin da ya ƙarar da ƙarfinsa a kai an birkita shi. Shagonsa yanzu buhunan gero ne a ciki. Abin da ya saura shi ne hannun mahaifiyarsa, yana yawo a sararin samaniya yana koya wa baƙi yadda za su nemi abin da suke so ba tare da sun dunguri na gabansu ba. Sai kuma sunansa, da ya fito daga bakin da ya fi kowanne wuyar fitowa. Duk wanda ya hau jirgi ya ga hannu mai jan lalle da karkataccen yatsa, ina roƙonsa ya ce Allah ya ji ƙan Habibu, da ƙarfi, yadda na kusa zai tambaye shi wane ne.

Ban manta alkawarinsa ba. Washegarin zuwan Tasi'u na sa mijina ya sayo rago, aka yanka a ƙofar gida aka raba sadaka. Masu wucewa na tambaya ko haihuwa aka yi, na ce a'a, Inna ce ta kira sunan ɗanta. Cinya guda na ware na aika gidan Tasi'u, na ce a gaya masa ta mece ce. An ce ba a dafa ba, kuma ba a dawo da ita ba.

Tasi'u, tafiyar tana da tsawo, kujerarka kuma ta gaba ce, allonta ya fi na kowa girma. Kana iya kashe shi, amma duk sanarwar da za a yi sai ya farka, hannun gwaggonka ya fito. Ba na yi maka mugun fata. Allah ya kai ka lafiya, ya dawo da kai lafiya, don so nake ka dawo ka tarar kowa ya sani.